Me Ya Sa Agogon Tsohuwar Mota Ya Ke Latti Da Sanyi?

Motocin da aka ƙera a shekarun 1950 da 1960, da yawansu suna da agogo a gaban direba. Har yanzu mu kan ga irinsu jefi-jefi. Agogon nan ya kan yi aiki daidai da bazara, amma da hunturu ya shigo sai ya riƙa latti. Direban da ya dogara da shi sai ya makara.

To, bari mu duba cikinsa. Akwai sifirin, da waɗansu 'yan ƙafafu masu haƙora, da wata 'yar ƙafa mai kai da komowa. Ita ce mu ke jin tana kyas-kyas. Ba a yi wa yawancin irin wannan agogo wani da hannu. Batirin mota ne ke yi masa, bayan kowane minti biyu ko uku. In mun kasa kunne za mu ji ƙaran.

A waɗansu wuraren da ƙarfe ke gugar ƙarfe a ciki, an ɗiga musu mai. Mun san yadda man shanu ya ke yi da sanyin asuba, ya daskare har cokali ya tsaya a ciki. Haka man agogo ya ke in ya tsufa. Ga kuma ƙurar hunturu ta shiga ta cakuɗe da shi, ya zama danƙo. Sai ƙafafun nan su riƙa juyawa da ƙyar. Wani lokaci ma agogon ya tsaya cik da dare, rana ta yi ya tashi. Mai mota ya ce latti ya ke yi, ashe barci ya yi.

Batir kuma ƙarfinsa ya kan ragu da sanyi. In ya yi rauni ƙwarai ba ya iya yi wa agogo wani, har ya kan ƙona shi.

Yaya za mu gane inda laifin ya ke? Mu daidaita agogon da na rediyo da yamma, mu rubuta lokacin a takarda. Kashegari da safe mu duba, mu rubuta minti nawa ya rage. Mu yi haka kwana 7. Mun ga amfanin iya rubutu ke nan. In fitilun mota sun dushe, ko kuwa mota tana wuyar tashi, mu fara kai batir caji, mu kankare bakin wayoyinsa. In batir lafiya lau ya ke, to, mai ne. Sai a kwance agogon a kai wa mai gyara. Zai wanke tsohon man, ya ɗiga sabo da bakin allura. Kada mu zuba masa man gyaɗa ko baƙin mai, gama za su ƙara toshe shi.

Waɗansu agogon suna da 'yar ƙusa ta ƙara gudu. Kada mu yi garajen murɗa ta. In mun murɗa da hunturu alhali datti na ciki, da zafi ya dawo man ya saki, sai agogon ya riƙa wuce lokaci.