Keɓe Lokaci a Ƙarshen Mako Domin Aikin Talifi

Da wuya a sami kwalejin horon malamai ko sashen jami'a inda babu malamin da ya ke da littafi kwance a aljihun tebur bai ƙare ba. Na wani kundin digiri ne ya tsaya a babi na uku, na wani tarin karin magana ne da ya yi shekara da shekaru yana ɗebowa daga bakin tsofaffi, na wani kuwa ɗan littafin nahawu ne da ya yi niyyar rubuta wa ɗalibansa. In an tambaye su ina aka kwana, amsarsu ɗaya ce: sai an yi dogon hutu. Hutun ya zo ya wuce, littafi yana nan inda ya ke. Hasarar ba ta tsaya ga ƙarin girma da malamin ya rasa ba. Tsohon da aka ji karin maganar daga bakinsa ya kan rasu tun ba a koma an tambaye shi ma'anarta ba, ɗalibai kuma su yi ta karatu da littafin da ba domin su aka rubuta ba. Saboda haka waɗansu malamai su ka ɗauki dabarar keɓe wani yanki na Asabar ko Lahadi domin rubutu kaɗai. Dabarar tana da amfani, amma tana da sharuɗɗa, kuma galibin waɗanda su ka gwada ta su ka bari, sharuɗɗan ne su ka ƙetare.

Shi kansa ƙarshen mako baƙon abu ne, har a bakin Bahaushe. Sunayen ranaku daga Larabci aka aro su, kuma asalin kalmar Lahadi "ɗaya" ne, watau ita ce ranar farko, ga shi yau ana lissafta ta cikin na ƙarshe. Kalmar "sati" ma daga sunan Asabar na Ingilishi ta fito. A makarantar allo Alhamis da Juma'a ne ranakun hutu, tun kafin zuwan Turawa. Ko a Turai al'adar ba ta daɗe ba: dokar masana'antu ta Ingila ta 1850 ita ta sa a tashi mata da yara daga aikin masaƙa da ƙarfe biyu na ranar Asabar, sa'an nan a 1926 kamfanin motoci na Ford a Amurka ya mai da aikin ma'aikatansa kwana biyar a mako. Dokar aiki ce ta ba ma'aikaci waɗannan kwanaki biyu, amma ba ta ce kowa ya bar masa su ba.

Nan ne wahalar malamin Hausa ta ke. Da ya ke kowa ya san ba ya wurin aiki, sai dangi da maƙwabta su ka tattara hakkokinsu duka su ka aza a kan kwanakin nan biyu. Ɗaurin aure ran Asabar, gaisuwar mara lafiya, ta'aziyyar da aka jinkirta tun Talata, taron 'yan gari ɗaya, zuwa ƙauye gai da iyaye. An ce zumunta a ƙafa ta ke, kuma babu mai hankalin da zai ce a yar da ita domin babi na huɗu. Malama mace kuwa nata ya fi nauyi, gama wanki da cefane da kitson yara da bikin 'yan'uwa duk suna jiran ranar. Wanda ya ce zai ba rubutu Asabar ɗungum, tun daga safe har dare, ya yi wa kansa alkawarin da ba shi da ikon cikawa. Mako biyu ko uku zai yi, a yi rasuwa a unguwa, shiri ya rushe, shi kuma ya ɗauka rashin himmarsa ne.

Sharaɗi na fari ke nan: lokacin ya zama kaɗan, sananne, wanda ba ya sākewa. Awa uku sun isa. Mafi dacewa ga yawancin mutane shi ne daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, domin baƙo bai fara sallama ba, ɗaurin aure kuma sai rana ta ɗaga. Raɗin suna ne kaɗai ya ke tsere da wannan lokaci, shi kuwa ranar bakwai ta haihuwa ya ke bi, ba ruwansa da Asabar. Wanda gidansa ba ya rabuwa da mutane, gara ya tafi ofis, inda ba kowa ran nan sai mai gadi. Ba a iya korar baƙon da ya yi sallama a zaure, amma ba laifi ba ne a ce masa maigida ya fita, zai komo da hantsi. Wayar hannu ita ma baƙo ce, har ta fi na zaure naci; a bar ta a wani ɗaki.

Lissafin abin yana da sauƙi. Mako 52 ne a shekara. A fid da 12 domin salla biyu, da makonnin gyaran takardun jarrabawa, da zagayen duba ɗalibai masu gwajin koyarwa, da rashin lafiya da rasuwa, saura 40. Awa uku sau 40, awa 120 ke nan. In malami ya rubuta kalma 600 a kowane zama, watau wajen shafi biyu, zai tashi da kalma 24,000 a shekara, abin da ya kai maƙala uku ko huɗu, ko kuwa ɗan littafin makaranta cikakke. Fid da makonnin nan 12 tun da fari yana da muhimmanci ƙwarai, domin wanda ya san an riga an yafe masa su ba zai karaya ba ran da jana'iza ta cinye masa safiya.

Akwai masu sukar wannan dabara, sukarsu kuwa ba ta banza ba ce. Robert Boice, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya daɗe yana binciken yadda malaman jami'a su ke rubutu, ya kuma fid da littafi a kan haka a 1990. Abin da ya gano shi ne, masu jira sai sun sami faffaɗan lokaci su zauna su yi ta zuba har su gaji, ba su kan kai masu yin kaɗan kaɗan kullum yawan aiki ba. Misalin da a kan kawo shi ne Anthony Trollope, marubucin Ingila, wanda ya yi aikin gidan waya daga 1834 zuwa 1867. Ya kan zauna da ƙarfe biyar da rabi na safe, agogo a gabansa, yana neman kalma 250 cikin kowane minti 15, har ya ƙara wa wani baransa fam biyar a shekara domin ya riƙa tashinsa da gahawa. Da haka ya bar littattafan ƙagaggun labarai 47. To, amma Trollope ba ya shiga aji da ƙarfe takwas da takardun ɗalibai ɗari a hammata. Abin ɗauka daga sukar shi ne ainihin cutar da ta nuna: kwana shida tsakanin zama da zama sun isa su sa mutum ya manta inda ya tsaya, sai awar farko ta ƙare wajen sake karanta abin da aka rubuta makon jiya.

Maganin wannan shi ne sharaɗi na biyu, watau a raba aikin gida biyu. Aikin talifi ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda a ke iya yi cikin minti goma tsakanin darasi da darasi: rubuta wata kalma da aka ji a bakin ɗalibi Basakkwace ko Bagobiri, duba ta a ƙamus na Bargery ko na Abraham, sa alamar karin sauti da tsawon wasali a kan misalai biyar, gyara sunan littafin da aka ambata. Akwai kuma wanda ba ya yiwuwa sai da zama da natsuwa: jera hujja, yanke shawarar abin da zai riga wani, rubuta sakin layin da dukan babi ya rataya a kansa. Na farkon na ranakun aiki ne, na biyun shi ya cancanci safiyar Asabar. Kuskuren da aka fi yi shi ne a juya su, malami ya tashi da asuba, kansa garau, ya ɓata awa ukunsa wajen gyara waƙafi da jera takardu, domin su ne masu sauƙi, sa'an nan ya tashi yana jin ya yi aiki. Kuma waɗannan 'yan ayyukan na tsakiyar mako su ne ke hana littafin hucewa a zuciya.

Da wannan a ke haɗa wata dabara da aka san Ernest Hemingway da ita, ta tsayawa a inda mutum ya san abin da zai biyo baya. Ga mai rubutun mako mako ya kamata a ƙara mata abu guda: kafin a rufe littafi, a rubuta layi biyu a kan abin da za a fara da shi Asabar mai zuwa, a fili, kamar saƙon da a ke bar wa wani. Mutumin da zai zauna bayan kwana shida na koyarwa kusan wani ne dabam.

Tarihin rubutun boko na Hausa kansa ya nuna abin da lokaci ya ke yi. A gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Dokta R. M. East, malaman makaranta ne su ka fi fice. Malam Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa a Midil ta Bauchi ya rubuta Shaihu Umar. Dukansu a gefen aikin aji su ka yi, kuma littattafan gajeru ne. A 1936 aka ɗauke wa Imam koyarwa, aka kai shi Zariya wata shida ba shi da wani aiki sai rubutu, abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku. Daga 1939 rubutu ya zama sana'arsa a Gaskiya Ta Fi Kwabo. Tafawa Ɓalewa kuwa mulkin makaranta da siyasa su ka ɗauke shi, bai sake fid da wani ƙagaggen labari ba har rasuwarsa a 1966. Ba wanda ya karanta Shaihu Umar da zai ce hikima ce ta ƙare masa.

Irin wata shidan nan na Imam ba kowa zai samu ba. A jami'a a kan ba malami hutun bincike bayan shekaru, malamin kwaleji kuwa sau da yawa sai ya yi ritaya bai gan shi ba. Safiyar Asabar ita ce abin da ke hannunsa, kuma shugabannin sashe da na kwaleji suna da hannu a cikin kiyaye ta. Taron malamai da aka kasa yi ran Laraba, da laccar cike gurbi, da jarrabawar da aka ɗaga, duk Asabar a kan tura su, galibi da ƙarfe tara na safe. In babu makawa sai an yi su ran nan, mai da su bayan azahar ba zai ci wa sashe ko kwabo ba.