Barewa: Filin wasan da ya bi makaranta daga Katsina zuwa Zariya

A Tudun Wadan Zariya, kusa da tsohon kamfanin Gaskiya, Kwalejin Barewa take zaune tun shekarar 1949. Duk mai ba da tarihinta yakan fara da lissafo shugabannin ƙasar da ta yaye. Ba kasafai ake tuna cewa rabin tarbiyyar waɗannan mutane a filin wasa aka ba su ita ba, bayan an tashi daga aji, rana ta yi sanyi.

Tarihin filin ya girmi ƙasar da yake kai a yau. An kafa makarantar a Katsina a 1921, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, domin horar da malaman da za su koyar a makarantun lardunan Arewa. Gwamna Hugh Clifford ne ya buɗe ta a hukumance a 1922. Turawan da suka tsara ta sun ɗauko fasalin makarantun kwana na Ingila, inda ake ɗaukar wasa a matsayin darasi na dole. A ganinsu, yaron da ya saba bin umarnin kyaftin, ya koyi shan kaye ba tare da faɗa ba, shi zai iya riƙe aji ko gunduma in ya girma. Don haka aka raba ɗalibai gida-gida, kowane gida da shugabansa, ana karawa a kurket da ƙwallon ƙafa da guje-guje.

Wasan da ya fi kama ƙasa a Katsina shi ne ƙwallon bango, wanda Turawa ke kira fives. Asalinsa daga makarantar Eton ne a Ingila, kuma ana danganta shigowarsa Arewa da wani jami'in ilimi mai suna Hogben a shekarun 1920. Mutum biyu ne ke karawa da biyu, suna dukan ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Ba ya bukatar takalmi ko kayan waje, bango da ƙwallo kawai, shi ya sa ya bazu. Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu a kwalejin daga 1926 zuwa 1931, ya shahara a wasan har ya zama kyaftin, kuma bai daina bugawa ba ko bayan ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Har yau ana gasar Kofin Sardauna a wannan wasa.

A 1938 aka mayar da makarantar Kaduna, inda ta koma Kwalejin Kaduna. Can ne irin su Shehu Shagari da Malam Aminu Kano suka yi karatu. Bayan shekara 11 ta sake yin ƙaura zuwa Zariya, kuma sai a 1971 ta karɓi sunan Barewa. A duk inda ta sauka, sai da aka share fili aka kafa raga, aka ja layukan tsere, domin tsarin gidaje da gasar da ke tsakaninsu ba sa yiwuwa sai da shi. Ginin Katsina na jar ƙasa kuwa ya zama gidan tarihi.

Filin Zariya ne ya ga ƙuruciyar Yakubu Gowon a farkon shekarun 1950. Shi ne mai tsaron gidan ƙungiyar ƙwallon makarantar, yana tsallen gwangwala, yana gudun dogon zango, kuma shi ne kyaftin ɗin 'yan dambe. Daga nan ya shiga soja a 1954. Murtala Muhammad, wanda ya gaje shi a 1975, shi ma ta wannan makaranta ya bi. A wancan zamani masu ɗaukar hafsoshin soja sukan zagaya manyan makarantun gwamnati, kuma ƙarfin jiki da iya jagorancin 'yan uwa na cikin abin da suke dubawa.

Ba Barewa kaɗai ke da wannan al'ada ba. A shekarun 1930 aka fara gasar Garkuwar Hussey, inda zaɓaɓɓun 'yan tsere na makarantun Arewa suka riƙa karawa da na Kudu. A Legas, gasar ƙwallon Kofin Firinsifal ce ta fito da Stephen Keshi da Henry Nwosu daga Kwalejin St. Finbarr's. Hanyar a bayyane take: daga gasar gidaje zuwa ta makarantu, daga nan zuwa ta jiha, sannan ƙasa.

Wannan hanya ce ta tsinke a wurare da yawa. Yawan ɗalibai ya ƙaru, kuma duk lokacin da ake bukatar sabon aji ko ɗakin jarrabawa, filin wasa ne wuri mafi sauƙin yanka, tunda ba mai kukan an rushe masa gida. Dubban makarantun kuɗi a biranen Arewa cikin gidajen haya suke, ba su da ko inda za a yi sahun safe. Wasannin gidaje sun koma bikin yini ɗaya a shekara, da rumfuna da manyan baƙi, maimakon atisayen kowace yamma. Da Nijeriya ta dawo daga gasar Olamfik ta Paris a 2024 ba ko lambar tagulla, an yi ta zargin hukumomi da kasafin kuɗi. Kaɗan ne suka tambayi inda ɗan shekara 12 zai fara gwada gudunsa.

Barewa ta cika shekara 100 a 2021, kuma ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta na daga cikin mafiya ƙarfi a ƙasar nan. Abin da ke gabanta, da gaban kowace tsohuwar makarantar gwamnati daga Sakkwato zuwa Kontagora, shi ne a shata iyakar filin wasa a takardar mallaka yadda ba za a iya gini a kai ba, a ɗauki malamin motsa jiki, a kuma mayar da wasan yamma cikin jadawalin karatu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Aji in ya rushe ana iya sake gina shi, amma filin da aka zuba wa siminti ya tafi ke nan.