Korona a iyakar Jibiya: Abin da rufe boda ya hana da wanda ya gagare shi

A ranar 23 ga Maris, 2020, Sakataren Gwamnatin Tarayya na lokacin, Boss Mustapha, wanda ke jagorantar kwamitin shugaban ƙasa na yaƙi da cutar Korona, ya sanar da hana zirga-zirgar mutane ta iyakokin ƙasa na tsawon mako huɗu. Kwanaki kaɗan kafin nan Jamhuriyar Nijar ta rufe nata, ta kuma tabbatar da mutum na farko da ya kamu a ranar 19 ga watan. Ga mazauna Riko da Magama da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Jibiya ta Jihar Katsina, sanarwar ƙarin kwaɗo ne a ƙofar da aka riga aka garƙame, domin tun watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin don hana fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai. A watan Nuwamban wannan shekarar kuma Hukumar Kwastam ta hana kai fetur gidajen man da ke tsakanin kilomita 20 da iyaka.

Tun da annobar ta lafa, ya kamata a waiwaya a duba abin da wannan mataki ya cimma ta fuskar lafiya, saboda wata cutar za ta sake zuwa, kuma da wuya gwamnati ta rasa tunanin rufe boda a matsayin matakin farko.

Matakan da aka ɗauka

An tabbatar da cutar a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a jikin wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. A ƙarshen Maris aka killace Legas da Ogun da Abuja, bisa ikon da tsohuwar dokar killace masu cuta ta 1926 ta bai wa shugaban ƙasa. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyoyin shiga Jihar Katsina, ta kuma dakatar da sallar Juma'a da manyan taruka. A ranar 7 ga Afrilu gwamnan ya sanar da cewa wani likita da ya rasu a Daura yana ɗauke da cutar, daga nan aka killace garin. A farkon Mayu dokar hana tafiya tsakanin jihohi ta fara aiki a duk ƙasar, ba a ɗage ta ba sai 1 ga Yuli.

Hikimar waɗannan matakai ita ce sayen lokaci. Cutar kan ɗauki har kwana 14 kafin ta bayyana a jiki, wasu ma ba sa nuna alama ko kaɗan alhali suna yaɗa ta. A farkon annobar ɗakunan gwajin da ke iya gano ta a duk Najeriya ba su wuce biyar ba. Idan aka rage cuɗanya, za a samu sararin ƙara ɗakunan gwaji da gadajen jinya kafin asibitoci su cika. Wannan lissafi ya yi aiki a filayen jiragen sama, inda kowane matafiyi ke shiga ta ƙofa ɗaya da fasfo a hannu.

Dalilin da ya sa iyakar ƙasa ta bambanta

Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma mafi yawanta gonaki ne da daji da rafuka. Ofishin boda na Jibiya yana Magama, a kan titin da ya tashi daga Katsina ya bi ta Ɗan Isa zuwa Maraɗi. A nan ne jami'an Kwastam da na shige da fice da ma'aikatan lafiya na mashigai suke zama. Amma mutumin Riko da zai je gaisuwar mutuwa ko cin kasuwa a ƙauyen da ke tsallake, ba lallai ne hanyarsa ta bi ta gaban ofishin ba. Zumuncin ya girmi iyakar: sarakunan Katsina da suka bar birnin bayan jihadin Shehu Usmanu ne suka kafa daularsu a Maraɗi, kuma har yau auratayya da fatauci ba su yanke ba.

Saboda haka rufe babbar ƙofa ya tsayar da manyan motoci da 'yan kasuwar da ke bin ƙa'ida, amma mai babur da mai tafiya a ƙasa sai suka koma ɓarauniyar hanya. Ta fuskar lafiya, a nan asarar take. Wanda ya bi ta ofishi za a iya auna zafin jikinsa, a rubuta inda ya fito da inda za shi, a neme shi idan wanda suka zauna tare a mota ya kamu. Wanda ya bi ta daji babu wanda ya san da wucewarsa, kuma in ya kwanta ciwo zai ɓoye tafiyar tasa don tsoron hukunci.

Akwai kuma masu ƙetarewar da babu dokar da za ta tsayar da su. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa a watan Afrilun 2020 kaɗai, lokacin da ƙasashen biyu suka rufe iyakokinsu, kimanin mutum 23,000 sun tsere daga hare-haren 'yan bindiga a jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa Nijar.

Darasin kwalarar 2018

Jibiya ta riga ta ga irin wannan shekara biyu kafin Korona. A watan Yulin 2018 Nijar ta ayyana ɓarkewar kwalara a gundumar Madarunfa ta Jihar Maraɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum uku na farko 'yan gida ɗaya ne daga Ƙaramar Hukumar Jibiya, waɗanda suka ƙetara neman magani a wata cibiyar lafiya ta Nijar. Kafin watan Oktoba, waɗanda suka kamu a ƙasar sun haura 3,000. Ba laifi waɗannan bayin Allah suka yi ba, asibitin da suka ga za su samu kulawa suka nufa. Abin da lamarin ya nuna shi ne Jibiya da Madarunfa yanki ɗaya ne a wurin cuta, don haka jami'in sa ido na kowane ɓangare yana buƙatar jin labarin ɗayan a ranar da abu ya faru.

Yardar jama'a

Doka ba ta tafiya sai da yardar waɗanda za su bi ta. A ƙarshen Maris 2020 matasa suka ƙona ofishin 'yan sanda a Kusada bayan kama wani malami da ya ja sallar Juma'a, kuma ba a daɗe ba gwamnatin jihar ta sassauta dokar. Arewa ta san tushen wannan shakku. Gwajin maganin Trovan a kan yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ya bar tabo, kuma yana cikin hujjojin da aka kafa wajen ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003, abin da ya sa cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama. Ba a shawo kan matsalar ba sai da aka jawo sarakuna da malamai, aka kuma riƙa yi wa yara allurar a tashoshi da kasuwanni da mashigan iyaka. A ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Da allurar Korona kusan miliyan 4 ta iso Abuja ranar 2 ga Maris, 2021, a kan wannan tsarin aka dogara wajen kai ta ƙauyuka.

Inda aka kwana

A watan Disamban 2020 aka buɗe iyakokin Seme da Illela da Maigatari da Mfum, amma ta Jibiya sai Afrilun 2022. An sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, aka buɗe a Maris 2024. A Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS, wadda hukumarta ta lafiya ke haɗa ƙasashen yankin wajen musayar bayanan cututtuka. Wannan ya ƙara wa Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar, da aka kafa a 1971, nauyi a wuyanta.

Kafin annoba ta gaba, akwai ayyuka uku da ba sa buƙatar rufe komai: samar da ma'aikata da kayan gwaji a Magama da cibiyoyin lafiya na mazaɓu irin Riko, kafa hanyar sadarwa ta kai tsaye tsakanin jami'an lafiyar Jibiya da na Madarunfa, da sanya dagatai da masu unguwanni da shugabannin direbobi da 'yan kasuwa cikin masu kai rahoton baƙuwar cuta. Su ne suka san wanda ya shigo gari jiya da daddare, kuma su ne jama'a za su gaya wa gaskiya.