Ƙwallon Ƙafa A Hannun Gwamnati: Larabawa Na Sayen Suna, Mu Me Muke Saye?

Duk ƙarshen mako gidajen kallon ƙwallo na cika maƙil daga Jega zuwa Aliero, Maiyama da Sarandosa, matasa na musu kan Manchester City da PSG. Kaɗan ne daga cikinsu ke lura cewa abin da suke kallo ya wuce wasa, ya zama makamin diflomasiyya.

A 2008 Sheikh Mansour na gidan sarautar Abu Dhabi ya sayi Manchester City. A 2011 kamfanin zuba jarin wasanni na Ƙatar ya mallaki PSG ta Faransa, a 2021 kuma asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ya jagoranci sayen Newcastle ta Ingila. Ribar kuɗi ba ita ce kan gaba ba. A watan Yunin 2017 Saudiyya da ƙawayenta suka yanke hulɗa da Ƙatar, amma wata biyu bayan haka PSG ta ɗauko Neymar a kan Yuro miliyan 222. Saƙon a fili yake: ƙasar da aka so mayarwa saniyar ware tana nan daram. Masu suka na cewa wanke suna ne, a rufe batun haƙƙin ɗan Adam da kofuna, kuma zargin yana da tushe.

Mu a nan gwamnatocin jihohi sun daɗe suna riƙe da ƙungiyoyi. Enyimba ta Jihar Abiya ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004. Kano Pillars, mallakar gwamnatin Kano, ta fitar da Al Ahly ta Masar a 2009 har ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A shekarar sunan Kano ya zaga nahiyar fiye da yadda tawagar jami'ai za ta iya kai shi. Sai dai galibin ƙungiyoyinmu sun koma wurin saka wa 'yan siyasa, shugabanci na sauyawa da sauyin gwamnati, 'yan wasa na kokawa kan albashi.

Kebbi ba ta da dukiyar Ƙatar, amma tana da maƙwabta. Ta yi iyaka da Nijar da Benin, kuma rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya nuna wa 'yan kasuwarmu tsadar ɓacin zumunci. Yau da Nijar ta fice daga ECOWAS, gasar shekara-shekara tsakanin ƙungiyoyin Birnin Kebbi, Sakkwato, Dosso da Gaya za ta riƙe ƙofar da siyasa ke neman rufewa. Harshe ɗaya muke yi, aure da kasuwa sun haɗa mu.

Zumunci a ƙafa yake. Idan har za a ci gaba da zuba kuɗin talakawa a ƙwallo, wajibi ne gwamnati ta bayyana abin da take nema da shi, ta damƙa ragama ga ƙwararru, ta kuma fara biyan 'yan wasa haƙƙinsu a kan lokaci.