Tafintan masu bincike: Yadda "mun gode Allah" ke komawa "abinci ya wadata" a takarda

"Baba, hatsin da kuka noma bana zai kai ku wata nawa?"

"To, mun gode Allah, yaro."

A wani zaure a Kanya Babba da ke Ƙaramar Hukumar Babura a Jihar Jigawa aka yi wannan tambaya, ina zaune a wurin. Matashin da ke tafinta ya juya ya shaida wa jami'ar binciken da Turanci cewa abinci ya wadata, ita kuma ta rubuta. Duk wanda ya tashi a karkara ya san dattijo ba zai tona asirin rumbunsa a gaban baƙi ba. Godiya ya yi wa Allah, bai ce gero zai kai shi damina ba.

Irin waɗannan amsoshi ake tarawa a fitar da alƙaluman talauci, da su kuma ake tsara inda tallafi zai je.

Matsalar ba ta tsaya kan kunyar dattawa ba. Ɗauki kalmar "gida". A takardar bincike, yawanci ana nufin mutanen da ke ci daga tukunya ɗaya. A Babura ko Roni kuwa, gida ɗaya na iya ƙunsar uba da 'ya'yansa masu aure, wasu suna gandu tare, wasu kowa da tukunyarsa. Idan tafinta ya ce "ku nawa ne a gidan nan?" ya yi shiru, an samu lamba, amma ba wadda ake nema ba. Haka idan namiji ya tambayi mace 'ya'yanta: alkunya kan hana ta ambaton ɗan fari, sai wanda ya san al'ada ya sake tambaya ta wata hanya. A rugagen Gwiwa da Kazaure ma magana kan bi ta baki biyu, daga Fulatanci zuwa Hausa, sannan Turanci.

Manyan masu nazarin zamantakewar Hausawa sun san wannan haɗari. Mary Smith da Hausa ta rubuta labarin Baba ta Karo a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, kafin ta fassara shi ya fito a 1954. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta cika ƙarshen littafinta na 1972 da dogon bayanin kalmomin Hausa irin su gandu, maimakon ta musanya su da Turanci kawai.

A Tarayyar Turai mai harsunan hukuma 24, ɗan majalisa daga Danmak zai yi magana da harshensu, na Polan ya ji da nasa, ta bakin tafintocin da sai sun ci jarrabawa ake ɗaukarsu. A nan, ko da yake Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa kan fassara tambayoyin babban binciken lafiyar iyali zuwa Hausa, ƙananan bincike da dama sun dogara ne ga duk matashin da ke jin Turanci, a ba shi kuɗin yini ya fassara da ka.

Ban ga laifin matashin nan na Kanya Babba ba. Da na tambaye shi bayan an tashi, cewa ya yi da safiyar ranar ya fara ganin takardar, kuma gida ashirin aka ce su gama kafin la'asar.