Sau nawa ake sauya zanen gado a jiragen ruwan shaƙatawa?

Birnin Greensboro da ke jihar North Carolina a Amurka ba ya bakin teku. Duk da haka, mazaunansa, ciki har da 'yan Nijar da suka daɗe da kafa al'umma a can, kan yi tuƙin kusan sa'o'i huɗu zuwa tashar Norfolk a jihar Virginia, ko su gangara Florida, domin shiga jirgin ruwan yawon buɗe ido lokacin hutu.

Wanda ya biya kuɗin kwana bakwai a kan teku yakan so ya san abu guda kafin ya kwanta: wa ya kwana a kan wannan gado jiya, kuma yaushe aka sauya zanen?

Abin da ake da tabbas a kai

Ranar da jirgi ya dawo tasha, fasinjoji na sauka da safe, sababbi kuma na hawa kafin la'asar. A 'yan sa'o'in da ke tsakani, ma'aikatan ɗakuna na yaye zanen gado da rigunan filo da tawul na kowane ɗaki, su shimfiɗa wankakku. Wannan sauyi ne da ba a tsallakewa.

Girman aikin ya fi fitowa fili a jirgin Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara jigila daga Miami a watan Janairun 2024. Yana da ɗakuna sama da 2,800, kuma yana iya ɗaukar fasinja kusan 7,600.

Tsakiyar tafiya fa?

Nan ne kamfanoni suka bambanta. Ana gyara gado kullum, amma gyara daban, sauya zane daban. A manyan jiragen da jama'a suka fi shiga, akan sauya zanen ne bayan 'yan kwanaki, ko kuma idan ya ɓaci. Masu ɗakunan alfarma sukan samu sauyi akai-akai.

A 2023, kamfanonin Royal Caribbean da Norwegian sun rage gyaran yawancin ɗakuna daga sau biyu zuwa sau ɗaya a rana. Shi kuwa tawul, tsarinsa ɗaya da na otal: wanda aka rataye za a sake amfani da shi, wanda aka yar a ƙasa a ɗauke shi.

Fasinja na iya neman a sauya masa zane a duk ranar da ya ga dama, ta hanyar faɗa wa mai kula da ɗakinsa.

Me ya sa ba a sauyawa kullum?

Dalilin shi ne ruwa. Jirgi na yawo a kan teku, amma ruwan gishiri ba ya wanki. Yawancin ruwan da ake amfani da shi a cikin jirgi ana samar da shi ne ta hanyar tace ruwan teku ko dafa shi a cire gishirin, kuma hakan na cin makamashi. Bayan wanki ma, sai an sarrafa ruwan dauɗar bisa dokokin kare teku.

Otal-otal na kan tudu ma na wannan lissafi. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa wanki na cinye kusan kashi 16 cikin 100 na ruwan da otal ke amfani da shi.

Greensboro na da tarihi a wannan fanni. Otal ɗin Proximity da aka buɗe a birnin a 2007 shi ne na farko a Amurka da ya samu matakin ƙoli na shaidar LEED, wadda ake bai wa gine-gine masu tattalin ruwa da wuta. Faranti 100 na hasken rana da ke saman rufinsa ne ke taimakawa wajen dumama ruwa. Sunansa ya samo asali ne daga masaƙar auduga da 'yan'uwan nan biyu, Moses da Ceasar Cone, suka kafa a birnin a shekarun 1890.

Lokacin da tattali ba shi da wuri

Idan ciwo ya shigo, maganar tanadin ruwa ta ƙare. Cutar da jiragen nan suka fi tsoro ita ce ta ƙwayar norovirus, mai haddasa amai da gudawa, wadda ke yaɗuwa da sauri a inda mutane suka cunkusu, kuma tana iya maƙalewa a tufafi da zanen gado.

Tun 1975 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ke da shirin duba tsaftar jiragen ruwa. Jami'anta na kai ziyarar ba-zata ga jiragen da ke ɗaukar fasinja 13 zuwa sama masu zuwa ƙasashen waje, kuma jirgin da ya samu ƙasa da maki 86 cikin 100 ya faɗi. Hukumar na sanar da jama'a idan masu amai da gudawa suka kai kashi 3 cikin 100 na fasinjoji ko ma'aikata.

Shawararta game da zanen da marar lafiya ya ɓata ita ce a ɗauke shi ba tare da kaɗawa ba, a wanke da ruwan zafi da sabulu, a busar da zafi sosai.

Abin da matafiyi zai yi

Da shiga ɗaki, a ɗaga zanen a duba ɗinkin katifa, domin kuɗin cizo na ɓuya a nan, kuma sauya zane kaɗai ba ya kawar da shi. Wanda ya kamu da ciwon ciki ya sanar da asibitin jirgin nan take.

A gida kuwa, shawarar da likitocin fata suka saba bayarwa ita ce a wanke zanen gado sau ɗaya a mako. Ga mai kwana cikin gumin bazarar Sakkwato ko Maraɗi, ko mai fama da asma a lokacin ƙurar hunturu, mako guda ma ya yi tsawo.