Me Ya Sa Kamun Dengi Na Biyu Ya Fi Haɗari?

Wanda ya yi ƙyanda ya warke, ya yi sallama da ita ke nan. Amma tun annobar 1958, likitocin birnin Bankok suka riƙa ganin saɓanin haka a zazzaɓin dengi, wanda sauron nan mai ɗigon fari a ƙafafu ke yaɗawa. Sai a kawo yaro dasashi na jini, hannu ya yi sanyi ƙalau, ruwan jini na tsiyaya daga jijiyoyi.

Wani likita Ba'amurke, Scott Halstead, ya bi sawun lamarin a shekarun 1960. Da fari ya lura akasarin yaran da suka galabaita sun taɓa yin dengi. Sai kuma ga jarirai 'yan ƙasa da shekara guda, kamunsu na farko amma jiki ya yi tsanani. Da aka bincika, iyayensu mata sun taɓa kamuwa. Abin da ya haɗa yaran da jariran shi ne tsofaffin sinadaran garkuwar jiki; jariran tun a ciki suka gaje su.

Ashe dengi iri huɗu ce. Garkuwar da iri ɗaya ya bari takan cafke wani irin ba tare da ta kashe shi ba, sai ta kai shi cikin fararen ƙwayoyin jini, inda yake hayayyafa. Tamkar mai gadi ne ya kama hannun ɓarawo ya raka shi har ƙuryar ɗaki. Halstead ya nuna haka a ɗakin gwaji a 1977.

Kyuba ta ƙara tabbatarwa. Iri na ɗaya ya ratsa ƙasar a 1977 da sauƙi. Da na biyu ya biyo a 1981, mutum 158 suka rasu. Daga baya, bayan an yi wa yara kusan 800,000 rigakafin Dengvaxia a Filifin, kamfanin Sanofi da ya samar da shi ya sanar a 2017 cewa allurar na ƙara haɗari ga wanda bai taɓa kamuwa ba.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da rigakafin Qdenga inda cutar ta yi ƙamari. Maganin ƙwayar cutar kanta kuwa ana kan gwaji; ƙarin ruwa a kan kari ke ceton rai. An tabbatar da dengi a Sakkwato a 2023, don haka ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. A je a yi gwaji, a guji asfirin da ibuprofen, domin suna ƙara zubar jini.